Daga Zauren Alƙali zuwa Ofishin Lauya: Tarihin Koyon Aikin Shari'a a Arewacin Zazzau

Aikin shari'a yana cikin sana'o'in da karatun littafi kaɗai ba ya wadatar da mai koyonsu. A ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, kamar sauran ƙasar Zazzau, duk wanda ya zama alƙali ko lauya sai da ya zauna gefen wani babba, ya ga yadda ake sauraron mai ƙara, yadda ake auna shaida, da yadda ake rubuta hukunci. Wannan zama bai gushe ba cikin shekaru fiye da 200. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne wurin zaman, da kuma wanda zaɓi ke hannunsa: ɗalibi, ko sarki, ko gwamnati, ko mai ofis.

Bayan da Malam Musa ya karɓi Zazzau a 1808 da tutar Shehu Usmanu, alƙalanci ya zama aikin malaman fiƙihun Malikiyya. Yaron da ya sauke Alƙur'ani a Paki ko Gimi ko Likoro, in yana da himma, sai ya nufi zaurukan ilmi na Birnin Zariya, irin na Unguwar Juma da Ƙona. A can zai fara da Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, ya dangana da Muhtasar na Shehu Halilu. Mai niyyar alƙalanci yakan ƙara da Tuhfatul Hukkami ta Ibnu Asim, wadda ta tattara ƙa'idojin ƙara da shaida da rantsuwa. Ɗalibi ne ke zaɓen malaminsa, kuma yana iya ɗaukar wannan littafi a wani zaure, wancan a wani. Sai dai ba a barin malami haka kawai. Ana neman izini da albarka, don wanda ya fice ba sallama labarinsa yakan riga shi isa zaure na gaba. Albashi babu. Ɗalibi yana ciyar da kansa da ɗinkin hula ko noma, yana kuma yi wa malam hidima.

Sanin makamar aiki kuwa a gaban alƙali ake samunsa. Malamin da ya yi zurfi yakan zama muhuti, watau mataimakin da ke zaune kusa da alƙali yana buɗo masa mas'ala, ana kuma aikensa duba iyakar gona ko ƙididdige dukiyar gado. Daga cikin muhutai ne aka fi naɗa sababbin alƙalai, kuma da yake sarki ne ke naɗi, muƙamin ya riƙa zagayawa a 'yan gidaje sanannu. Fiƙihu ya yarda mutum ya naɗa wakili ya tsaya masa a shari'a, amma wakilci bai zama sana'ar da ake buɗe wa ofis ba.

Turawa sun shiga Zariya a 1902, kuma ba su rushe kotunan alƙalai ba. Dokar kotunan ƙasa ta 1906 ta tabbatar da su, aka kasa su daraja-daraja daga A zuwa D, alƙalai suka koma karɓar albashi daga baitulmali. Da aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, garuruwa irin su Ikara da Makarfi suka zama mazaunin hukuma, kuma aikin kotu ya ƙara buƙatar malamin da zai riƙe littafin shari'a, saboda Di'o yana zuwa dubawa. Akwai wata ƙa'ida ta wancan zamani da ta yi tasiri mai nisa: an hana lauya tsayawa a kotun alƙali. Saboda haka manomin rake na Makarfi yana iya rayuwarsa duka, ya yi shari'ar gona da ta aure da ta bashi, bai taɓa ganin lauya ba, balle ya yi wa ɗansa sha'awar aikin. Hanyar da ke buɗe ita ce ta alƙalanci, kuma a 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano da malamai daga Sudan. Ita ce ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, kuma Shaihu Abubakar Gumi yana cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta.

Lauyancin boko ya makara ƙwarai a Arewa. Kafin 'yancin kai sai an je Landan, an shiga ɗaya daga cikin majalisun lauyoyi huɗu na Ingila, an ci jarrabawarsu, an kuma halarci liyafar cin abinci sau adadin da aka ƙayyade. Ɗan Arewa na farko da ya kammala shi ne Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori, a 1955, wanda ya yi aikinsa a Zariya. Mamman Nasir da Muhammadu Bello, dukansu daga ƙasar Katsina, sun fito a tsakiyar shekarun 1950, sai Muhammadu Lawal Uwais, ɗan Zariya, a 1963. Bello ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1987 zuwa 1995, Uwais ya gaje shi har 2006. Waɗannan ukun ba su yi fama da neman ofishin da zai ɗauke su ba. Gwamnatin Jihar Arewa tana ƙishirwar lauyoyi, suna dawowa suka shiga aikinta a Kaduna a matsayin ƙananan lauyoyin gwamnati, a nan kuma suka koyi aikin a hannun manya.

Shekarun da ke kewaye da 1960 su ne suka kawo makarantar lauyanci kusa da gida. Wani kwamitin masana da aka kafa a 1958, wanda Alƙalin Alƙalan Sudan Muhammad Abu Rannat ya shugabanta, ya kai ga kundin dokokin laifuffuka na Final Kot da ya fara aiki a 1960, kuma Cibiyar Koyon Aikin Mulki da ke Kongo a Zariya ta ɗauki nauyin horar da alƙalai kan sabuwar dokar. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tsangayar shari'a ta zauna a nan Kongo. A Janairun 1963 Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya ta buɗe a titin Igbosere a Legas da ɗalibai 8. Hedikwatarta ta koma Bwari a 1997, kuma reshen Bagauda na jihar Kano shi ne mafi kusa da Ikara da Makarfi. A 1968 aka cire kotuna daga hannun sarakuna da En'e, suka zama kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha. Bayan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar wa wanda ake tuhuma haƙƙin ɗaukar lauya, manyan kotuna suka yi watsi da tsohon hanin. A 2001, zamanin Gwamna Ahmed Muhammad Makarfi, jihar Kaduna ta maye gurbin kotunan yanki da kotunan shari'ar Musulunci da na al'ada. Yau lauya daga Zariya yana tsayawa gaban alƙali a Hunkuyi ko Ikara, kuma lauyan da bai san rabon gado da hukuncin shuf'a (haƙƙin abokin tarayya na riga kowa saye) ba ba zai daɗe a irin wannan kotu ba.

Ɗalibin yanzu yana bin matakai sanannu: shekara 5 a jami'a, kusan shekara guda a makarantar lauyoyi, sannan shekarar hidimar ƙasa, wadda aka kafa a 1973. A cikin shekarar makarantar lauyoyi akwai zaman dole na makonni a kotu da kuma a ofishin lauya, ɗalibi yana rubuta abin da ya gani kullum a littafi, a kuma yi masa tambayoyi a kai in ya koma. Ban da wannan akwai zaman ganin dama, wanda ɗalibi ke nema da kansa a lokacin hutu. Dogayen yajin aikin malaman jami'a, kamar na wata 8 a 2022, sun tura ɗaliban Kongo da yawa ofisoshin lauyoyi na Sabon Gari da Kaduna da Kano.

Tsararren zaman hutu sananne ne a Ingila. Manyan kamfanonin lauyoyi na Landan, irin su Linklaters da Slaughter and May, suna ɗaukar ɗalibai na mako biyu ko uku, suna biyansu, suna kuma lura da su, domin daga cikinsu ake zaɓen waɗanda za a ba kwantiragin horo na shekara 2, sau da yawa tun shekara biyu kafin su fara. Da yake haziƙi ɗaya yana iya samun kira daga wurare uku, sai aka yi wata ƙa'ida ta ganin dama: a ba ɗalibi mako 4 ya yi shawara, kada ya riƙe tayi fiye da biyu a lokaci guda, kuma da zarar ya amsa ɗaya ya janye daga sauran. Manyan ofisoshin Legas, kamar Aluko & Oyebode da Banwo & Ighodalo da Templars, suna da shirye-shiryen ɗaukar ɗalibai masu kama da wannan, da cike takarda ta intanet da tantancewa.

A Zariya da Kaduna abin ya fi tafiya ta hanyar sanayya. Ɗalibi yana kai takardar neman gurbi da hannunsa, amma sau da yawa maganar malaminsa na Kongo, ko ta wani ɗan gari da ya riga shi zama lauya, ita ke buɗe ƙofar. A nan ne ɗan Kudan ko Ikara yake da rauni, domin gidajen da suka haifi lauyoyi a yankin ba su da yawa, kuma zaman wata biyu a Legas ko Abuja yana cin kuɗin mota da masauki da ya fi ƙarfin yawancin iyaye manoma. Wannan giɓi ne na gaske, kuma ƙungiyoyin ci gaban garuruwa da na ɗalibai za su iya rage shi da abu kaɗan.

In tayi biyu suka haɗu wa ɗalibi ko matashin lauya, abin da ake aunawa ya wuce suna da alawus. Babban ofis na Abuja ko Legas yana koyar da aikin kamfanoni, bankuna da kwangila, amma sabon shiga yana iya shafe watanni yana binciken takardu bai buɗe baki a kotu ba. Ƙaramin ofis na Zariya bai cika biyan abin kirki ba, amma yakan miƙa wa matashin lauya fayil tun da wuri, ya je ya nemi beli ko ɗage zama da kansa. Wanda ke nufin komawa gida ya yi shari'ar filaye da gado, ko ya nemi kujerar majistare, na biyun ya fi yi masa amfani. Mai son aikin mai da iskar gas ko kasuwar hannun jari kuwa dole ya nufi na farko.

Yadda ake ƙin tayi shi ma yana da ladabinsa, ko da ba a rubuce yake ba. Lauyoyin jihar Kaduna sun san juna, suna haɗuwa a kotu da tarukan ƙungiyarsu, kuma babban lauyan da aka amsa wa sannan aka ɓace masa yana iya zama wanda za a nemi sa hannunsa gobe. Abin da aka saba shi ne ɗalibi ya je da ƙafarsa, ko ya rubuta da wuri, ya yi godiya, ya faɗi dalilinsa, ya kuma sanar da wanda ya yi masa hanya kafin labarin ya iske shi daga waje. A lokacin hidimar ƙasa abin ya fi tsari: ofishin da ke son matashin lauya yana ba shi takardar neman a turo shi, kuma in an riga an tura shi wani wuri, sai ya samo takardar saki daga wurin farko kafin hukumar hidimar ƙasa ta sauya masa.