Gemu Ba Ya Hana Ilmi: Tarihin Karatun Manya Tun Daga Makarantar Nassarawa

Akwai wata tambaya da magidanta da yawa su kan yi bayan sun gama ajin Yaƙi da Jahilci sun karɓi takardar shaida. Su kan ce, to, yanzu mun iya karatu da rubutu, ina iyakar wannan hanya? Mutumin da ya girma, ga mata ga 'ya'ya, sana'ar da ya gada kuwa ta daina ciyad da shi, ko yana iya canja aiki ta hanyar ilmi? Ko yana iya kai wa ga digiri, watau babbar takardar shaida wadda jami'a ta ke bayarwa? In kuwa yana iyawa, shekara nawa zai yi, tun da ba shi da lokacin ɓatawa kamar yaro?

Amsar wannan tambaya tana cikin tarihin ƙasarmu. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, 'yan makarantar boko na farko a Kano ba yara ba ne, manya ne masu gemu.

Makarantar Ɗan Hausa

Turawa suka ci Kano cikin watan Fabrairu na 1903, suka naɗa Sarki Abbas, suka yi mazauninsu a Nassarawa, gabas da ganuwar birni. Da zama ya yi zama, sai suka ga aikin mulki ba ya tafiya sai da masu rubutu. Ana bukatar wanda zai rubuta haraji, da wanda zai auna gonaki, da wanda zai riƙe littafin kuɗi, don a wannan zamani ne aka soma kafa baitulmali a En'e-En'e. Ga malamai birjik a birni da ƙauye, sun san Alƙur'ani da fiƙihu, suna rubuta Larabci da ajami, amma Turawa sun yanke shawara za su yi aikin ofis da baƙaƙen boko.

Sai Gwamnati ta ɗora wa wani Bature, Hanns Vischer, aikin kafa makaranta. Shi mutumin Suwizalan ne, an haife shi a birnin Basel a 1876. Ya fara zuwa ƙasar Hausa cikin 'yan mishan, daga baya ya bar su ya shiga aikin Gwamnati. A 1906 ya ƙetare hamada daga Tarabulus zuwa Barno tare da ayari. Saboda yadda ya ji Hausa, ya kuma san ladabin mutanen ƙasa, aka sa masa suna Ɗan Hausa. Kafin ya soma aikin sai da ya je ya dubo makarantun Masar da na Sudan.

A 1909 ya buɗe makaranta a Nassarawa, ya kuwa fara da ajin malamai. Aka koya musu karatu da rubutun Hausa da boko, da lissafi, da labarin ƙasa, da kiwon lafiya. Bayan haka aka ƙara makarantar 'ya'yan sarakuna, da ta ƙananan yara, da ta sana'o'in hannu, har 'yan makaranta suka riƙa zuwa daga larduna dabam dabam. Gidan da ya zauna, ginin ƙasa irin na Hausa, shi ne a ke kira Gidan Ɗan Hausa.

Kada ku zaci shiga wannan aji abu ne mai sauƙi ga malamin wancan zamani. Mutane suna tsoron boko, suna ganin hanya ce ta raba mutum da addininsa, balle ga shi mai makarantar ya taɓa zama ɗan mishan. Wanda ya je, an yi masa surutu a unguwa. Ga kuma nauyin a ga babban mutum, wanda almajirai ke durƙusa masa, ya zauna yana haɗa baƙi kamar ɗan kotso. Duk da haka waɗansu suka daure. Cikin 'yan shekaru kaɗan suka zama masu koyarwa a makarantun larduna, waɗansu suka zama malaman haraji, da malaman awon ƙasa, da akawunan En'e.

Me ya sa suka yi sauri haka? Dalili shi ne ba da hannu wofi suka zo ba. Wanda ya yi shekara da shekaru yana wanke allo ya riga ya san yadda a ke zama a yi karatu, ya san riƙon alƙalami, ya saba da hadda. Abin da ya rage masa sai sababbin baƙaƙe da lissafi irin na ofis. Ku riƙe wannan magana, don ita ce kan labarin duka. Saurin babba a wajen karatu daga guzurin da ya zo da shi ya ke fitowa.

Makarantun Ma'aikata

Ɗan Hausa ya bar ƙasar nan lokacin Yaƙin Duniya na Farko, wanda aka fara a 1914, aikin makarantar Nassarawa kuwa ya watsu cikin larduna. Amma dabarar ɗaukar mai ilmi a ƙara masa ba ta mutu ba. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano, aka kawo malamai daga Sudan don su horad da alƙalai da muhutai. A 1947 aka faɗaɗa ta, ta koma Makarantar Ilmin Larabci. Cikin waɗanda suka yi karatu a nan akwai Malam Abubakar Gumi, wanda bayan ya yi aikin koyarwa aka aika shi Sudan ƙaro ilmi a Bakht er-Ruda a 1954, ya kuma zama Alƙalin Alƙalai na Jihar Arewa a 1962.

A Zariya ma, a 1947, aka buɗe makarantar horad da akawuna, wadda a 1954 ta zama Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo. En'e ta kan aika da ma'aikatanta can, ma'aji da akawu da malamin kotu, su yi kwas na watanni ko shekara, su komo a ƙara musu girma.

Waɗansu kuwa har Ingila aka kai su. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Midil ta Bauci sa'ad da ya tafi Jami'ar Landan a 1945 ya yi shekara guda yana koyon dabarun koyarwa. Malam Aminu Kano ya bi bayansa a 1946. Takardar da suka samo ta aikin malanta ce, ba ta kai digiri ba, amma idonsu ya buɗe. Malam Abubakar ya shiga majalisa har ya zama Firayim Minista a 1957. Malam Aminu kuwa ya ajiye alli a 1950 ya shiga siyasa ɗungum.

Digiri Ta Gidan Waya

A wancan lokaci babu jami'a a Arewa. Ta Ibadan ma sai 1948 aka buɗe ta. To, yaya mai iyali zai yi in yana son digiri? Akwai wata ƙofa. Tun 1858 Jami'ar Landan ta yarda mutum ya ɗauki jarrabawarta ko da bai zauna a cikinta ba. Waɗansu makarantu na Ingila, kamar Wolsey Hall ta Oxford, su kan aiko da darussa ta gidan waya, mutum ya yi aikin ya mayar, a duba a komo masa da shi. Mutum yana wurin aikinsa da rana, da dare ya kunna fitila ya buɗe littafi.

Mutanen Kudu sun fi mu cin moriyar wannan hanya, don sun riga mu samun Turanci. Misali Obafemi Awolowo, wanda aka haifa a 1909. Ya yi aikin malanta, ya yi na akawu, ya yi na jarida, ya yi cinikin amfanin gona da sufurin mota. A 1944, yana da shekara 35, ya ci jarrabawar digiri na ilmin ciniki ta Jami'ar Landan yana zaune a gida. Sa'an nan ya tafi Ingila ya karanta shari'a, ya zama lauya a 1946, ya zama Firimiyan Jihar Yamma a 1954. Wanda ya dubi shekara biyun nan da ya yi a Ingila zai ce ya yi sauri. Amma in aka haɗa da shekarun da ya yi yana karatun dare, sai a ga tafiyar doguwa ce.

Jami'a Ta Zo Kano

A watan Oktoba na 1960 aka buɗe Kwalejin Ahmadu Bello a cikin Makarantar Ilmin Larabci ta Kano. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai aka canja wa ta Kano suna, ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshen jami'ar. A 1964 ta ɗauki ɗalibanta na farko masu neman digiri, su goma, ana karatu a tsohon hotal na filin jirgin sama, suka gama a 1966. A 1977 ta tsaya da ƙafarta, ta zama Jami'ar Bayero. Kun ga tsakanin ajin malamai na Nassarawa da digiri na farko da aka yi karatunsa a Kano, shekara 57 ke nan.

Daga nan ƙofofi suka yawaita. A 1978 aka kafa hukumar JAMB mai shirya shiga jami'a. A ƙa'idar jami'o'in Nijeriya, yawancin digiri shekara 4 ne, na shari'a da na injiniya 5, na likita 6. Amma wanda ya zo da takardar NCE ta malanta, ko difloma ta kwalejin fasaha, in sakamakonsa ya yi kyau, a kan ɗauke shi kai tsaye a aji biyu, ya gama cikin shekara 3 maimakon 4. Wannan fa ita ce dabarar Nassarawa a sabuwar riga: an lissafa masa abin da ya riga ya sani. Wanda kuma ya haura shekara 30 kafin ya gama, a kan ɗauke masa shekarar bautar ƙasa, a ba shi takardar yafewa.

Ba a manta da na ƙasa ba. A 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Jihar Kano ta kafa Hukumar Ilmin Manya, don ta ɗora daga inda Yaƙi da Jahilci ya tsaya. Ga wanda ba ya iya barin aikinsa kuwa, an kafa Jami'ar Karatu Daga Gida a 1983, aka dakatad da ita a 1984, aka sake buɗe ta a 2002. Ita ce magajiyar karatun nan na gidan waya. Cif Olusegun Obasanjo, bayan ya sauka daga shugabancin ƙasa a 2007, a cikinta ya yi karatu da furfurarsa har ya sami digirin dakta.

Sauri Ya Haifi Nawa

Akwai wani irin sauri kuma wanda tarihi ya nuna sharrinsa. Da takarda ta zama ita ce mabuɗin aiki, sai masu sayad da ita suka ɓullo. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Nijeriya ya bayyana yadda ya biya kuɗi ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, ba tare da ya zauna a aji ba. A farkon watan Janairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatad da tantance takardun digiri daga ƙasashen Benin da Togo. Abin ya shafi har waɗanda suka yi karatu na gaskiya a can, mai laifi ya jawo wa marar laifi. Wanda ya sayi irin wannan takarda ya yi hasarar dukiya, ya kuma ɗora aikinsa da mutuncinsa a kan ramin da aka rufe da tabarma.

In muka auna wannan da labarin malaman Nassarawa, sai bambanci ya fito fili. Su an gajarta musu hanya domin sun riga sun ci rabinta a makarantar allo. Shi kuwa mai sayen takarda bai taka hanyar ba sam.

Saboda haka magidancin da ke son canja aiki, ga abin da wannan tarihi ya ke koya masa. Da farko ya lissafa guzurinsa: karatun allo, da takardar Yaƙi da Jahilci, da sanin da ya samu a kasuwa ko a ofis. Sa'an nan ya hau matakala ɗaya bayan ɗaya, daga ajin manya zuwa jarrabawar sakandare, daga nan zuwa NCE ko difloma, daga nan zuwa aji biyu na jami'a. Kowane mataki yana da takardarsa wadda a ke iya neman aiki da ita, ko da tafiyar ta tsaya a nan. Ya zaɓi ilmin da ke kusa da sana'arsa, don ɗan kasuwa ya fi saurin gane ilmin ciniki, malamin allo ya fi saurin gane Larabci da shari'a. Kada ya saki aikin da ke hannunsa sai ya ga abin da iyali za su ci. Kada kuma ya biya kuɗin kowace makaranta sai ya tabbata hukumar jami'o'i ta ƙasa ta amince da ita. Ya shawarci iyalinsa, don su za su yi haƙurin rashinsa da dare da ƙarancin cefane.

Shekarun da wannan tafiya za ta ci suna da yawa ga mai gaggawa. Amma ko ya yi karatun ko bai yi ba, shekarun za su wuce. Malaman da suka zauna gaban Ɗan Hausa a 1909 ba su san akwai ranar da za a yi jami'a a Kano ba, suka dai koyi baƙaƙen da ke gabansu, jikokinsu suka tarad da ƙofa a buɗe. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.