INA IMEL ƊINKA YAKE KWANA? TAƘAITACCEN TARIHI DAGA KAFE ZUWA GMAIL

Yau ba saitin waya za mu yi ba, tarihi za mu ɗan taɓa, domin da yawa daga cikinku suna ɗauka saƙonnin imel ɗinsu a cikin waya suke. Ba a nan suke ba.

A 1971 wani injiniya a Amurka, Ray Tomlinson, ya fara tura saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne ma ya zaɓi alamar @. Daga baya hanyoyi biyu suka fito. Akwai POP, wadda take sauko da saƙo kan kwamfutarka, sau da yawa ta goge shi daga can. Akwai IMAP, wadda take barin saƙon a manyan kwamfutocin kamfani, kai leƙawa kawai kake yi. Manhajar Gmail ta wayarka irin wannan tsari na biyu take bi. Shi ya sa idan wayarka ta faɗa rijiya saƙonninka ba su tafi ba, amma idan akawun ɗin ya kuɓuce maka, sun tafi ko da wayar tana aljihunka.

Hotmail ya zo a 1996 da wurin ajiya na 2MB kacal, Yahoo Mail ya biyo baya a 1997 da 4MB. Hoto ɗaya na wayar yanzu zai iya cika shi! Tambayi yayyenmu da suke hawa mota daga Dambatta ko Bichi zuwa cikin Kano don shiga kafe, bayan GSM ta shigo a 2001. Kafin sabon saƙo ya shigo sai an goge tsoho, abin da ake so kuma a kwafe shi a faifan fulofi mai 1.44MB, wanda zafi da ƙura suke kashewa cikin sauƙi.

Ma'aikatan ofis kuwa Outlook suka riƙe, wanda yake tara duk saƙonni a fayil guda mai suna PST. Tsohon samfurinsa idan ya kai 2GB sai ya fara lalacewa. Sai wasu suka yi dabarar mayar da fayil ɗin kan babbar kwamfutar ofis da kowa yake haɗe da ita, suna buɗe shi daga can. Microsoft da kansa ya ce a daina, domin idan layi ya yanke ana cikin rubutu, fayil ɗin na iya dagulewa gaba ɗaya. Balle a nan da wuta take ɗaukewa ba sallama. Abin da ya dace shi ne fayil ɗin aiki ya zauna a kwamfutarka, ka rufe Outlook, sannan ka kai kwafinsa can.

Ranar 1 ga Afrilu, 2004 Gmail ya fito da 1GB, har mutane suka ɗauka wasa ne. A 2013 ya zama 15GB, amma haɗe da Drive da hotuna. Daga nan ne muka saki jiki.

To ga abin da nake so ka riƙe. A Fabrairun 2011 wata matsalar manhaja ta sa wasu masu Gmail, kusan kashi 0.02 cikin 100, suka wayi gari akwatinsu wayam. Da me Google ya dawo musu da saƙonnin? Da kwafin da ya ajiye a kan tef, ɗan'uwan zaren kaset, wanda ba ya haɗe da intanet. Kamfani mai wannan ƙarfi bai yarda da rumbu ɗaya ba, kai kuma takardar JAMB, saƙon NYSC da rasit ɗin banki duk ka bar su wuri guda.

A teburin gyara abin da ya fi kashe mutane ba lalacewar waya ba ne. Wani ne ya buɗe musu imel a shago, ba su san kalmar sirri ba, lambar da aka sa kuma layin ya daɗe da mutuwa, wataƙila ma an sayar wa wani. Kuma tun Disambar 2023 Google na iya goge akawun da ya shekara 2 ba a shiga ba.

Tun ƙarshen 2013 kana iya sauke saƙonninka duka. Shiga takeout.google.com, cire alamar komai, zaɓi Mail kaɗai, ka nemi a haɗa maka. Za su turo maka hanyar saukewa, tana aiki kamar mako guda. Fayil ɗin MBOX ne a cikin zip, Thunderbird a kwamfuta yana karanta shi. Yi wannan inda sabis yake da ƙarfi, ko da daddare lokacin da data ta fi araha. Sai ka kwafe shi a filash ko memori, ka ajiye a gida cikin leda, ba a cikin wayar da kake yawo da ita kasuwar Dambatta ba. Kafin ka fita, duba lambar dawo da akawun, ka tabbata layin da ke hannunka ne.