Zamanin da ido ne ke farautar gungun galaksi

Saura makonni kaɗan wani dattijon masanin taurari ya ajiye aiki, wani sabon ɗalibi ya tambaye shi me ya sa har yanzu ake ambaton kundin Abell na gungun galaksi, alhali kowa ya san cike yake da kurakurai. Tambayar ta ɓata masa rai, don shi a kan farantin gilashi mai hoton sama ya koyi sana'ar, tun kafin kwamfuta ta karɓe ƙirga.

Ya ce yaran yanzu ko faranti ba su taɓa ɗagawa ba. Na dutsen Palomar, a Kalifoniya, inci 14 ne kowane gefe, siriri ƙwarai, ka yi sake ya tsage. A ɗora shi kan tebur mai fitila daga ƙasa, sama ta fito fara, taurari baƙaƙe. Tauraro ɗigo ne mai kaifi, galaksi kuwa gefenta dishi-dishi yake, kuma sai ido ya saba yake rarrabe su. Haka George Abell, yana ɗalibi a Caltech, ya bi faranti bayan faranti da madubin ƙara girma, har ya fitar da gungu 2,712 a 1958. Ba da ka ya yi ba. Yakan nemo galaksi ta uku wajen haske, ya ƙirga waɗanda ba su dushe sosai ƙasa da ita ba a cikin iyakar da ya shata, ya ƙirga wani fili na gefe ya debe. Sai lissafi ya kai 50 gungu zai shiga babban jeri.

Da ya ambaci Caltech sai hira ta karkata ga Fritz Zwicky, wanda tun 1933 ya nazarci gudun galaksi a gungun Koma, ya ce akwai nauyin da ba a gani. Zwicky bai yarda gungu ma na taruwa su zama manyan gungu ba. Abell ya ce suna yi, kuma shi ya yi gaskiya. Dattijon yakan faɗi wannan da alfahari, kamar mai ba da labarin yayansa.

Bai musa matsalar ba. Faranti ba ya nuna zurfi, galaksi biyu da ke nesa da juna sosai sai su bayyana kamar maƙwabta, don haka wasu gungun Abell ruɗin ido ne. Abin da ke ci masa rai shi ne mantuwa. Lokacin da tauraron ɗan'adam Uhuru ya tashi a 1970 ya fara gano hasken eksire daga zazzafar iskar da ke cikin gungu, sunayen da aka riga aka sani aka duba: Koma, wato Abell 1656, da Fasiyus, Abell 426. Da tauraron ROSAT ya zo a 1990, jerin Abell aka ɗauko aka gwada. Daga baya aka koma neman gungu ta jan launin tsofaffin galaksi, sannan na'urar eROSITA ta fitar da sama da 12,000 a 2024.

Abell bai ga ƙarshen aikin faɗaɗa kundin zuwa sararin kudu ba, ya rasu a 1983. Harold Corwin da Ronald Olowin suka kammala da farantan da aka ɗauka a Ostireliya, su ma da ido, jimla ta kai 4,073 a 1989. Daga wannan kashi ne Abell 2744 ya fito, gungun da na'urar James Webb ke leƙawa ta cikinsa, don nauyinsa na lanƙwasa haske ya ƙara wa galaksi na can baya girma.