Littafin Malam Ya Tsaya A Balaga

Masu jiran ci gaban labarin soyayya su yi mini uzuri, yau tarihi na zo da shi. Tarihin wani darasi ne da duk wanda ya taɓa zama a ajin horon malamai a ƙasar nan ya haddace shi, ya juye a takardar jarrabawa, sannan ya manta. Ina nufin darasin girman ɗan Adam, wato yadda jiki da hankali da hali suke sauyawa tun daga cikin uwa har zuwa tsufa.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, da daminar bara ɗakin mahaifinmu a nan Wudil ya fara yoyo, sai muka fito da adakarsa ta ƙarfe don kada ruwa ya ɓata abin da ke ciki. A ƙarƙashin wasu tsofaffin takardun albashi na ci karo da wani littafin rubutu mai kaurin bango, gara ta ɗan taɓa gefensa. Ashe nasa ne, tun yana ɗalibi a Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. Rubutu ne tsaf irin na mutanen da, an ja layi da jan biro a ƙarƙashin kowane babi: ciki da haihuwa, jariri, yaro kafin shiga makaranta, ɗan firamare, sai balaga. Daga nan sai fararen shafuka har bango. Malam, kamar yadda mu da 'yan unguwa muke kiransa, yana zaune a kan buzunsa yana kallona. Bai gane littafin ba. A ranar ni ma bai gane ni ba.

Kafin mu dawo kan Malam, bari mu ɗan koma baya. Horar da malaman boko a Arewa ya faro ne daga makarantar da Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Sai Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a hukumance a 1922, kuma asalinta ita ma ta horar da malamai ce. Daga baya aka yi ta kafa ƙananan kwalejoji a garuruwa, masu bayar da takardar shaidar malanta mai daraja ta uku da ta biyu, kuma ta Wudil tana cikin waɗanda suka yi suna a ƙasar Kano. Yaro zai gama firamare, ya yi shekara biyar a kwaleji, ya fito da shaida mai daraja ta biyu, a miƙa masa alli da aji. Da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, yara suka cika azuzuwa maƙil, aka shiga neman malamai ido rufe. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, kuma a wannan guguwa ce Malam ya fara koyarwa.

To, mai karatu zai ga dalilin da ya sa littafin ya tsaya inda ya tsaya. Wanda ake shiryawa don ya riƙe aji ɗaya zuwa shida, abin da ya dame shi shi ne yaro. Babban littafin da ɗalibai suke rungume da shi a lokacin, na wani Bature ne J. S. Farrant, wanda ya fito a 1964, shi ma a kan yaron makaranta ya fi mayar da hankali. Shi kuwa sarkin fagen shi ne Jean Piaget, mutumin Suwizalan, wanda ya rayu daga 1896 zuwa 1980. Malam da abokansa “Fiyajet” suke ce masa, mu ma haka muka gada, sai da girma ya zo na ji ashe Faransanci ba ya furta harafin ƙarshen. Piaget ya kasa girman hankali gida huɗu: daga haihuwa zuwa shekara 2, daga 2 zuwa 7, daga 7 zuwa 11, sai daga nan zuwa sama. Ya kuma yi lura da 'ya'yansa uku a gida. Gwajinsa da kowa ya sani shi ne a juye ruwa daga gajeren kofi mai faɗi zuwa dogo siriri, a tambayi yaro ko ruwan ya ƙaru. Ɗan shekara biyar zai rantse ya ƙaru. Na taɓa gwadawa da kunu a gidanmu, aka yi ta kuka a kan dogon kofin.

Amma fa Turawan kansu ba a yaro kaɗai suka tsaya ba. G. Stanley Hall na Amurka, wanda ya yi babban littafi a kan ƙuruciyar balaga a 1904, shi ne ya sake yin wani a kan tsufa a 1922, bayan shi ma furfura ta cim masa. A 1950 Erik Erikson ya fito da matakai takwas da suka ratsa rayuwa daga goyo zuwa bakin kabari, kowane mataki da irin gwagwarmayarsa. Abin da ya fi burge ni, bayan rasuwarsa a 1994, matarsa Joan, wadda ta haura shekara 90, ta ga takwas ɗin ba su isa ba, ta ƙara na tara, na tsohon da jiki ya fara ƙin bin umarninsa. Wato sai da ta shiga da kanta sannan ta ga akwai sauran bayani.

Ni a zamanin NCE na yi nawa karatun, a wata kwaleji a Kano. Lokacin an riga an kafa hukumar kula da kwalejojin ilimi a 1989, an mayar da NCE mafi ƙarancin shaidar da malami zai riƙe, kwalejoji masu daraja ta biyu kuma sun shuɗe ɗaya bayan ɗaya. Wudil ɗin ma yanzu da jami'ar kimiyya da fasaha aka fi saninta, wadda ta fara aiki a 2001, aka sa mata sunan Aliko Dangote a 2022, sai kuma makarantar horar da manyan 'yan sanda. Mun karanta Erikson, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai mu ɗalibai mun yi wa kanmu wayo, muka ce ai matakai biyar na farko su ne na 'yan makaranta, ukun ƙarshe kuwa layi ɗaya-ɗaya muka haddace a daren jarrabawa. Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ina ruwana da tsufa?

Abin da bai taɓa zuwa raina ba a lokacin shi ne, Bahaushe yana da nasa tsanin, kuma nasa ya kai har ƙarshe. Jinjiri ba ya da suna sai ranar bakwai. Uwa ta yi wankan jego na kwana arba'in. In ya kai wajen shekara biyu a yaye shi, a da ma gidan kaka ake kai shi don ya manta nono. Wajen shekara bakwai a yi wa namiji kaciya, a fara matsa masa a kan salla, a ce ya fara hankali. Malaman zaure kuma suna da nasu ma'aunin, na tamyizi da balaga, har a mazhabar Malikiyya aka ce in alamomi ba su bayyana ba, shekara 18 ita ce iyaka. Daga nan saurayi da budurwa, ango da amarya, magidanci, dattijo, tsoho, sai wanda ake cewa ya koma yaro. Lura da kyau, mai karatu, yawancin matakan nan ba da lissafin shekaru ake hawansu ba. Mai shekara 40 da bai taɓa aure ba tuzuru ne, ko furfura ta fito masa ba za a zaunar da shi cikin magidanta ba.

Wani abin kunya kuma, waɗanda suka fara rubuta wannan tsani namu a takarda baƙi ne. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau tana rubuta labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba ta Karo. An haifi Baba wajen 1877, ta rasu a 1951. Ta yi aure huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'ya. A ganina babu littafin girman ɗan Adam da ya kai wannan amfani ga ɗalibi Bahaushe, domin kuwa rayuwa guda ce sukutum, daga wasan 'yar tsana har zuwa zama uwar gari.

Sai ayarin Robert LeVine, waɗanda suka bibiyi wasu jarirai 18 a wani garin kasuwa na ƙasar Hausa, suka wallafa sakamakon a 1977. A lokacin ra'ayin John Bowlby na Ingila ne yake tashe, wanda ya fi ɗora shaƙuwar jariri a kan uwa. Su kuwa sai suka tarar jaririn Bahaushe hannu uku ko huɗu ne suke renonsa, kuma yana shaƙuwa da fiye da mutum ɗaya. Ga kuma kunyar ɗan fari, inda uwa ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Ni ɗan fari ne. Har ta koma ga Allah, Inna “kai yaro” take ce mini. In da littafin Bature za a bi, da sai a ce ba ta so na, alhali na sha farkawa da dare in gan ta tana gyara mini mayafi.

Wadda ta fi kama ni ita ce Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a cikin birnin Kano daga 1976. Ta lura cewa yaro ne kaɗai yake da 'yancin shiga kowane gida, shi ne ƙafar matar da ke cikin kulle, shi ke kai talla, shi ke kai saƙo. Yana girma ƙofofi suna rufe masa, har ranar da za a ce masa ba a shiga. Na tuna ranar da aka fara tsayar da ni a zauren maƙwabtanmu, gidan da nake cin tuwo tun ina rarrafe. Na koma gida ina huci, Malam ya yi dariya ya ce, “Ai girma ne ya zo.” Piaget bai san da wannan matakin ba. Wannan giɓi ne ya sa wani masani ɗan Kamaru, Bame Nsamenang, ya yi littafi a 1992 yana cewa a auna yaron Afirka da ma'aunin al'ummarsa. A 2008 ma wani Ba'amurke, Jeffrey Arnett, ya ƙirga ya ga kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun wannan fanni daga ƙasashen Yamma masu arziki suke.

Sai dai kada a ce na zo ina yi wa namu kirari ne kawai. Tsaninmu ma yana da rauni, kuma a ƙarshensa raunin yake. Mun ba tsoho girma, amma in ya fara ruɗewa sai mu ce gigin tsufa ne, mu shafa fatiha. Wani a ce sammu ne, in tsohuwa ce marar gata har maita ana iya laƙa mata. Alhali tun 1906 likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana cewa akwai ciwon da ke cin ƙwaƙwalwa, wanda daban yake da tsufa. Lokacin da Malam ya fara fita da asuba yana cewa zai tafi makaranta an kaɗa ƙararrawa, shekaru bayan ya yi ritaya, mun fi shekara muna gardama a gida. Wata Juma'a, ranar da kasuwar kara take ci, aka tsinto shi a bakin gada cikin motocin shanu. A daren ne ƙanwata, wadda ta karanta aikin jinya, ta ce mini, “Yaya, kai da ka karanta wannan abin a kwaleji, kai ma sai ka ce tsufa ne?” Ban iya ba ta amsa ba. Washegari muka kai shi asibiti a Kano.

Ran nan da yamma, bayan an yi la'asar, na sake ɗauko littafin na zauna kusa da shi. Na buɗe shafin Piaget na ce, “Malam, kun tuna wannan?” Ya karɓa, ya bi layukan da yatsa a hankali, har ya zo kan wata kalma da ya rubuta ba daidai ba kusan shekara hamsin da suka wuce. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce, “Yaron nan yana da ƙoƙari, amma ba ya duba aikinsa. Ba ni jan biro.”

Na shiga ciki na nemo masa.