Daga Wasiƙa Zuwa Waya

'Yar'uwa, a 1994 aka kawo ni aure Kura, maigida kullum yana Kadawa wajen noman rani da ruwan Tiga. In zan aika wa Inna saƙo Bunkure, sai ɗan makaranta ya rubuta min, kafin magariba sirrina ya zaga unguwa. Takaicin haka ya kai ni ajin yaƙi da jahilci, littattafan soyayya na haya suka ƙarasa min karatu.

A 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, can baya WhatsApp ya biyo. Yau 'yata saƙon murya kawai take turawa, rubutu ya zame mata aiki. To ran da ta samu takardar da ba ta son kowa ya gani fa, wa zai karanta mata? Kar ki saki alƙalami, 'yar'uwa. Allah Ya rufa mana asiri.