Littafin da Aka Ɓoye a Cikin Hijabi

A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a Kano. Irin waɗannan littattafan soyayya sun bi motocin 'yan kasuwa sun bazu a Arewa, 'yan mata suna karɓar aro hannu da hannu, a ɓoye.

Manya ba su ji daɗi ba. A jaridu, musamman New Nigerian, aka yi ta muhawara: Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya kare su. A majalisu kuwa hukuncin gajere ne, wai suna lalata tarbiyya. Kaɗan ne daga masu zargin suka kula cewa auren dole da sakin wulaƙanci marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu suke kuka a kai. A 2007 gwamnatin Ibrahim Shekarau ta ƙona wasu a bainar jama'a.

'Yan matan da suka ɓoye littattafan nan, daga Kano har Jega da Aliero, su ne iyaye yau, kuma wayar 'ya'yansu suke ƙwacewa saboda TikTok.