Alƙali Ya Ce Kwana 17, Doka Ta Ce 14

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau. Ya ce a gaya masa, idan mutum ya makara wajen ɗaukaka ƙara a shari'ar laifi, amma alƙali da kansa ya ƙara masa kwanaki, ai magana ta ƙare ke nan ko?

To malam, mun gode da wannan tambaya. A hankalce haka ya kamata a ce. Amma bari in ba ka tarihin abin a ƙasar Amurka, inda aka shafe shekara fiye da 50 ana kai-kawo a kan wannan magana.

Da farko ka sani, ɗaukaka ƙara da 'yar takarda yake farawa, wadda kake sanar da kotu cewa ba ka yarda da hukunci ba. Sau da yawa ba ta wuce shafi ɗaya. Amma tana da wa'adi. A shekarar 1960, wa'adin a kotunan tarayya na Amurka kwana 10 ne ga wanda aka samu da laifi. A shari'ar da ake kira ta Robinson, an kai takardar bayan kwana 21. Alƙalin da ya yi shari'ar ya duba uzurin, ya ce abin yafewa ne. Kotun Ƙoli ta ce ina, ƙa'idar kotu ta hana ƙara ko da kwana ɗaya, alƙali ba shi da wannan iko.

Daga baya sai aka ɗan sassauta. A 1962 da 1964 Kotun Ƙolin ta yarda cewa in alƙali ne da kansa ya sa mutum ya makara, to a saurare shi. A 1966 kuma aka gyara ƙa'idar, aka ba alƙalai damar ƙara har kwana 30 ga mai uzuri karɓaɓɓe.

Ana nan a haka, sai ga shari'ar wani mutum mai suna Keith Bowles. A 1999 kotun jihar Ohayo ta same shi da hannu a dukan wani mutum har ya mutu, aka yanke masa ɗauri daga shekara 15 zuwa rai-da-rai. Da ya gama bin kotunan jiha bai dace ba, sai ya tafi kotun tarayya yana neman a duba ko ɗaurin nasa yana bisa ƙa'ida. A watan Satumba na 2003 aka kori ƙarar. Yana da kwana 30 ya ɗaukaka, ba a yi ba. Doka ta ce wanda labarin hukunci bai same shi a kan lokaci ba, alƙali na iya sake buɗe masa ƙofa ta kwana 14. Lauyansa ya roƙi haka, aka amince.

To ga inda gizo ke saƙa. Ran 10 ga Fabrairu 2004 alƙali ya rubuta a takardar umarni cewa Bowles yana da har zuwa 27 ga wata. Ka ƙirga da yatsunka, kwana 17 ke nan, ba 14 ba. Lauya ya kai takarda ran 26, wato har da saura kwana ɗaya a lissafin alƙali. A lissafin doka kuwa ya makara da kwana biyu. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba ta da hurumin ko buɗe fayil ɗin.

Ran 14 ga Yuni 2007 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai 5 suka rinjayi 4. Mai shari'a Clarence Thomas ne ya rubuta hukuncin masu rinjaye. Hujjarsa ita ce, wannan wa'adin na kwana 14 Majalisar Dokoki ce ta rubuta shi a doka, kuma majalisa ce ke iyakance wa kotuna huruminsu. Alƙali ba zai ba ka abin da shi ma ba shi da shi ba. In ana ganin dokar ta yi tsauri, majalisa ta gyara. Nan take kuma aka soke wancan sassauci na 1962 da 1964. Har ya kawo misalin wani fursuna, Ryan Dickson, wanda magatakardan Kotun Ƙolin ya ƙi karɓar takardarsa don ta makara da kwana ɗaya, aka zartar masa da hukuncin kisa a watan Afrilu na 2007.

Mai shari'a David Souter, a madadin su huɗun, ya ce bai kamata kotu ta yi wa mutane irin wannan ba, tun da mutumin nan maganar alƙali ya bi.

Ni dai, malam, ina bayan su huɗun nan. Na san dole shari'a ta yi ƙarshe, ba a bar ƙofa a buɗe har abada ba, ko don iyalan wanda aka kashe. Amma ka ɗauka ɗan kamasho ya ce maka mota ƙarfe bakwai za ta tashi, ka iso bakwai saura kwata da kayanka, ka tarar ta tafi, sannan a ce kai ne da laifi don ba ka binciki maganarsa ba. Lauyan Bowles yana iya ƙirga kwanakin da kansa, gaskiya ne. To amma wanda ke cikin kurkuku fa, me ya yi? Ba ana cewa Bowles ba shi da laifi ba ne. Abin da ya rasa shi ne damar a saurare shi.

A 2017, a shari'ar Hamer, Kotun Ƙolin ta ƙara fayyace zancen, kuma a wannan karo bakin alƙalan ya zo ɗaya. Ta ce wa'adi iri biyu ne. Wanda majalisa ta sa a doka, ba mai taɓa shi. Wanda kuwa yake cikin ƙa'idojin aikin kotu kawai, in abokin shari'a ya yi shiru bai yi ƙorafi ba, ana iya wucewa. Wa'adin ɗaukaka ƙarar laifi a kotunan tarayyarsu, wanda ya koma kwana 14 tun 2009, yana cikin kashi na biyu. Na Bowles ya faɗa na farko ne, don a dokarsu irin ƙarar da ya kai kotun tarayya ba a lissafa ta cikin shari'ar laifi.

A nan Nijeriya kuwa, wanda Babbar Kotu ta samu da laifi yana da kwana 90 ya kai ƙara Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga can zuwa Kotun Ƙoli kuma kwana 30. In wa'adi ya wuce, sai a rubuta roƙo ga kotun da za ta ji ƙarar, a haɗa da takardar rantsuwa mai bayyana dalilin jinkiri, a kuma nuna cewa ƙarar tana da hujjar da ta cancanci a saurara. Kwanakin kuma daga ranar da aka yanke hukunci ake fara ƙirga su, ba daga ranar da dangi suka gama haɗa kuɗin lauya ba.